Dogon Baro zuwa Kano: Masu Zane, Masu Diga da Masu Kaya

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu da suka taka ƙafa suka zo, malamaina, dattawanmu tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke zaune a sahun gaba, ɗalibai, da sauran 'yan'uwa masu sha'awar jirgin ƙasa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da wannan dama da aka ba ni.

An nemi in yi magana a kan tarihin jirgin ƙasa da injiniyoyinsa na farko. Fage ne mai faɗi, wanda ya ce zai kewaye shi a zama ɗaya zai bar ku da jerin shekaru ne kawai. Don haka na zaɓi layi ɗaya, wanda ya taso daga Baro a bakin Kogin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya tsaya a Kano a 1911. Abin da nake so mu fita da shi daga ɗakin nan shi ne: injiniya na iya shimfiɗa dogo cikin 'yan shekaru, amma ran dogo yana hannun mutum biyu, wanda ke kawo masa kaya da wanda ke kula da shi kullum. Tarihin layin nan ya nuna haka tun daga farkonsa har zuwa lokacin da ya durƙushe.

Inda abin ya samo asali

A ramukan kwal na Birtaniya aka haifi jirgin ƙasa. Masu haƙar kwal sun daɗe da gane cewa idan ƙafar ƙarfe ta hau kan dogo, doki ɗaya zai ja kayan da dawaki da yawa ba za su iya ja a kan turɓaya ba. Abin da ya rage shi ne a sami wanda ya fi doki ƙarfi, kuma ba ya gajiya. A 1804 Richard Trevithick ya ɗora injin tururi a kan dogo a yankin Wales, ya ja tan 10 na ƙarfe da mutane kimanin 70. Bayansa George Stephenson ya zo, ɗan mai zuba wa injin wuta a ramin kwal, wanda bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 18. Shi ya gina layin Stockton zuwa Darlington da aka buɗe a 1825, sannan na Liverpool zuwa Manchester a 1830. Ku riƙe wannan na biyun a zuciya, domin babban aikinsa shi ne kwasar auduga daga tashar jiragen ruwa zuwa masaƙu. Yunwar auduga ta waɗannan masaƙun ce za ta kawo dogo ƙofar Kano bayan shekara 80.

Yadda injin ke aiki ba boyayye ba ne. Ana hura wuta da kwal ko itace, wutar ta tafasa ruwa a tukunya, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Wannan ya ɗora wa injiniya sharuɗɗa biyu. Na farko, dole a sami ruwa a kan hanya jefi-jefi, shi ya sa kuke ganin manyan tankuna a tsofaffin tashoshinmu. Na biyu, santsin da ke sa ƙafar ƙarfe ta ja kaya mai nauyi shi ne kuma ke hana ta hawan tudu mai tsayi. Saboda haka safiyo yakan bi kwari ya kauce wa dutse, ko da hanyar za ta yi ta lanƙwasa.

Gardamar Legas da Baro

A Kudu aka fara. A 1896 aka soma aikin dogo daga Legas, ya isa Ibadan a 1901. A wannan shekarar kuma Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa wani ɗan siririn layi tsakanin Zungeru da bakin Kogin Kaduna, don kwaso kayan gwamnati daga jiragen ruwa. Shi ne dogo na farko a Arewa.

Da Kano ta faɗa hannun Turawa a 1903, sai gardama ta tashi tsakanin gwamnatocin mulkin mallaka biyu. Ta Legas, ƙarƙashin Walter Egerton, tana son a miƙe da layinta har Kano, kayan Arewa duka su biyo ta tasharta. Lugga kuwa yana son Arewa ta sami nata layin daga bakin Kwara, kaya su sauka a jirgin ruwa su bi kogi zuwa teku. Lugga ya bar ƙasar a 1906 ba a yanke hukunci ba. Wanda ya gaje shi a 1907 injiniyan reluwe ne, kuma da gangan aka zaɓo shi.

Sunansa Percy Girouard, haifaffen Montreal a ƙasar Kanada a 1867. Yana da kimanin shekara 30 ya yi aikin da ya fito da sunansa. A 1897 ya shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed a Sudan, ya ratsa hamadar da babu rijiya babu inuwa, inda jirgin da ke kawo ƙarfe shi ne ke kawo ruwan da ma'aikata da injin za su sha. Mutane da yawa sun ce ba zai yiwu ba, ya kuwa yiwu. Amma gaskiya ɗaya ce, layin yaƙi ne. A kansa sojojin Janar Kitchener na Ingila suka bi suka rushe daular Mahadiyya a Omdurman a 1898. Gwanintar injiniya da manufar mai mulkin mallaka a tarago ɗaya suka zo mana, kuma mai tarihi na gari ba ya ɓoye ɗaya don ya yabi ɗaya.

Girouard ya kawo shawarar da ta kashe gardamar. A gina layin Baro zuwa Kano, mil 350 da 'yan kai, da faɗin ƙafa 3 da inci 6, daidai da na Legas, domin wata rana a haɗe su. A gina shi da araha, a kan kimanin fam 3,000 kowane mil, kuma ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Arewa ce za ta yi, ba ɗan kwangila daga Ingila ba. A bar layin Legas shi ma ya ci gaba ta Jebba ya zo ya same shi. Gwamnatin Ingila ta amince a 1907, lokacin Winston Churchill yana ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka. Aikin yau da kullum ya faɗa hannun John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka, kuma shi ya kai shi ƙarshe, domin an ɗauke Girouard zuwa Gabashin Afirka a 1909.

Babban ƙalubalen Eaglesome shi ne kogi. Kowane ƙarfe, kowane ƙusa, kowane kan jirgi, daga Ingila yake zuwa, kuma manyan jiragen ruwa ba sa iya hawowa Baro sai cikin 'yan makonnin da Kwara ta cika ta batse a ƙarshen damina. Abin da bai iso ba a wannan ɗan tsakanin sai baɗi. Dole a lissafa kayan shekara guda tun daga nesa, a sauke su cikin gaggawa kafin ruwa ya janye. Duk da haka dogo ya isa Zariya a farkon 1911, ya isa Kano cikin watan Maris na shekarar, zamanin Sarki Abbas. A 1912 layin Legas ya haɗu da shi a Minna, aka haɗe hukumomin biyu. Har zuwa lokacin da aka gama gadar Jebba bayan 'yan shekaru, a kan jirgin fito ake ɗora taragai a ƙetare da su Kwara.

Masu diga

Yanzu bari mu sauka daga ofis mu shiga rami. Babu katafila a wancan zamani, babu tifa. Duk tudun da aka fasa tsakanin Baro da Kano, da duk kwarin da aka cike, da diga da shebur aka yi, aka kwashe ƙasar a kwando da kwanon sarki a kan kawunan mutane. Su wane ne mutanen? Nufawa ne, da Gbagyi, da Hausawan Zazzau da na Kano, da sauran ƙabilun da layin ya ratsa ƙasarsu.

Yadda aka samo su shi ne sirrin arahar da aka yaba wa Girouard. Razdan zai faɗa wa sarki yawan mutanen da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gari ya nuna wane da wane. Sukan yi makonni a bakin aiki ƙarƙashin heluma, sannan a sallame su a kawo wasu. Ana biyansu da kuɗin Turawa, hannu da hannu, kuma ta wannan hanya sule da kwabo suka shiga ƙauyukan da wuri kaɗai suka sani. Amma biyan lada bai mai da aikin na son rai ba. Mutum bai da ikon cewa a'a, ko da gonarsa na jiran noma. Abincin da za a ciyar da dubban leburori ma daga rumbunan ƙauyukan da ke kusa ake karɓo shi. Wasu sun gudu sun bar garuruwansu. A ƙasar Gbagyi abin ya kai ga ɗaukar makami a Gussoro a 1909, aka zubar da jini, sojoji suka zo suka murƙushe garin.

Magabatanmu ba su yi shiru a kan abin da suka gani ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda dogon ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, ya rubuta Waƙar Diga a kan wannan aiki. Tana daga cikin shaidu ƙalilan da suka zo mana daga bakin namu, kuma ya kamata duk ɗalibin tarihin reluwe ya neme ta ya karanta kusa da rahotannin Turawa.

Sunayen Girouard da Eaglesome suna cikin littattafai. Sunayen waɗanda suka ɗauki ƙasar a ka babu wanda ya rubuta. Ina roƙonku, duk lokacin da jirgi ya shiga da ku wani yanki da aka fasa tudu tsakanin Minna da Kaduna, ku dubi bangon ƙasar hagu da dama, ku yi musu addu'a. Kakannin wasunmu ne.

An shimfiɗa don auduga, gyaɗa ta hau

Wannan shi ne sashen da na fi so mu tsaya a kansa. Masu masaƙun Lancashire a Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, suka ƙwallafa rai cewa Arewacin Nijeriya ce za ta raba su da dogaro da audugar Amurka. Lissafinsu ya yi kyau a takarda: ga ƙasa mai noman auduga tun kaka da kakanni, ga jama'a masu yawa, dogo kaɗai ya rage. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne Kano tana da nata masaƙan da marinan. Masaƙin gida yana sayen auduga da tsada fiye da farashin da Bature ya yanka, domin yana da kasuwar tufafinsa har Agadas da Borno. Manomi kuwa ba ya bukatar a koya masa inda riba take.

A daidai wannan lokacin masana'antun Turai suna neman man da za su yi man shafa wa burodi da sabulu. Kamfanonin da suka kafa kantuna kusa da tashar Kano, gabas da ganuwa, suka fara tambayar gyaɗa. Su ba su san ƙauye ba, ba su san manomi ba. Waɗanda suka sani su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, mutanen da suka gaji bin hanyar Gwanja, suna da jari, suna da yara a kowace kasuwa, kuma an yarda da maganarsu. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, suna ba da bashi a kan amfanin da za a girbe. Manomi ya duba ya ga gyaɗa tana son jigawar Kano, tana zama lafiya tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, kuma idan shekara ta yi wuya ana iya cin ta. Auduga ba ta shiga tukunya.

Daga kakar 1912 sai gyaɗa ta yi wa tashar Kano ambaliya, a kan jakuna da raƙuma da kawunan mutane, har taragai suka kasa. Ƙasar da kafin zuwan dogo ba ta fitar da abin a zo a gani ba, a 1913 ta fitar da sama da tan 19,000. Alhassan Ɗantata, wanda ya riga ya gane amfanin ɗauko goro ta teku daga Ankara zuwa Legas, ya dawo gida ya zama babban mai saye, kuma da sunansa ake tuna dalar gyaɗa. Dalar nan abin alfahari ce, amma ku sani jiran jirgi ne ya tara ta: noma ya fi ƙarfin taragai. Auduga ta samu wurinta daga baya a ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau, sai dai gyaɗa ce ta riƙe layin Kano shekara 60.

Daga nan rassa suka bi kaya. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos ya tafi neman kuza, ya yi aiki har 1957. Layin Gabas ya taso daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, ya haɗu da namu a Kaduna ta Kafanchan, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano ta riƙa bi zuwa teku.

Abin da jirgi ya yi wa tafiya

Ayarin da ke fita Fagge zuwa Tarabulus watanni yake yi a hanya. Da dogo ya zo, fatar Kano ta koma bin Legas, cinikin hamada ya yi ta ja da baya. Tafiyar Kano zuwa Legas, mil 700, ta dawo ta kwana biyu. Shanu suka hau tarago zuwa Kudu, goro ya hau zuwa Arewa, aka sami unguwannin Hausawa a Sabon Ibadan da Agege da Shagamu. Akawuna da makanikai na Kudu suka biyo layi suka zauna a Sabon Garin Zariya da na Kano. Kaduna ta zama hedikwata a 1917 saboda a nan dogo ya ƙetare kogi. Minna da Kafanchan da Nguru suka bunƙasa, garuruwan da aka kauce musu suka ji a jikinsu. Maniyyata suka riƙa rage hanya da jirgi zuwa Jos ko Nguru, su ratsa Chadi, su sake hawa wani a El Obeid zuwa bakin Bahar Maliya.

Dattawan da ke nan sun fi ni sanin daɗin tafiyar. Sun san bencin katako na masu ƙaramin tikiti, inda Bayarabiya mai goro da Bafulatani da soja mai hutu ke cin abinci a kwano ɗaya kafin a kai Mokwa. Sun san kifin Jebba da doyar Minna da ake miƙowa ta taga. Sun san yadda ƙauye kamar Madobi ko Dangora ko Likoro ke farkawa da jin kukan jirgi, 'yan talla su yi cinikin yini cikin minti goma. A bayan wannan duka akwai mutanen da fasinja ba ya gani: mai zuba kwal da ke gaban wuta tun daga Zariya, mai ba da hannu, mai juya layi, da leburan da ke taka yankinsa da guduma kowace safiya yana duba ƙusoshi. Ma'aikatan nan sun san ƙarfinsu. Su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, ƙarƙashin Michael Imoudu, wanda ya tsayar da ƙasar sama da kwana 40.

Yadda ya durƙushe, da abin da ya rage mana

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, injinan dizal suka fara maye gurbin na tururi. Amma arahar 1907 tana nan tana jiran ranar biya. An gina layin da lanƙwasa masu tsanani da ƙarfe mara nauyi, da niyyar a gyara idan ciniki ya kankama, gyaran kuwa bai zo yadda ya kamata ba. Jirgi ya kasa sauri, tituna suka yawaita, manyan motoci suka kwashe kaya. Yaƙin basasa ya lalata layin Gabas. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka share dala, kuɗin fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Kaya suka tafi, kuɗin gyara ya bi su, ƙwararrun ma'aikata suka yi ritaya ba su bar magada ba. An ɗauko masana daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya.

Yau muna cikin sabon zamanin gini. Layin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, a kan faɗin da Stephenson ya bar wa duniya, ana kuma aikin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina. Ina murna da su har zuciyata. Katsina, wadda dogon Turawa ya tsallake, za ta ji kukan jirgi. Amma tarihin da na karanto muku ya ba mu tambayoyi biyu da ya wajaba mu riƙa yi wa shugabanni. Me jirgin zai ɗauka? Fasinja kaɗai bai taɓa riƙe layin Kano ba, sai an shirya masa hatsin Dawanau, da shanu, da siminti, da taki, an kuma kai dogo bakin kasuwa da masana'anta. Wa zai kula da shi ranar da ɗan kwangila ya naɗe kayansa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna da cibiyar koyon fasahar sufuri a Zariya, muna da jami'ar sufuri a Daura. A cika su da 'ya'yanmu, a sa su cikin aikin tun ana awo, domin wannan karon mai zane da mai diga su zama 'yan gida ɗaya.

Mu kuma masu sha'awa muna da namu aikin, kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. A Ebute Metta a Legas an gyara gidan Jaekel ya zama ɗakin tarihin reluwe, a Minna an adana kan jirgin farko na layin Zungeru. Arewa na bukatar fiye da haka. Ku je Baro ku gani da idonku, ku ɗauki hotunan tashoshi da tankuna da gadoji kafin masu sayen ƙarfe su riga ku. Ku nemi tsofaffin tikiti da jadawali da takardun aiki da ke cikin akwatunan gidajenku. Mafi gaggawa, ɗalibai, ga dattawa nan a sahun gaba. Kowane ɗayanku ya zaɓi ɗaya, ya bi shi gida da wayarsa, ya naɗi labarinsa da Hausa, da sunansa da tashar da ya yi aiki. An rasa sunayen leburorin dogon Baro. Ba mu da uzurin rasa na waɗannan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya kiyaye matafiya a kan dogo da kan titi.